Jan Tsumma a Sitiyari

Bas ɗin yana nan inda aka janyo shi aka ajiye tun washegarin zaɓen sanata, a ƙarshen gareji, jikin katanga. Tayoyinsa sun sace sun zauna a ƙasa, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsa, fostar ɗan takarar jam'iyyar shuɗi da aka liƙa a ƙofarsa ta koɗe har ba a ganin komai sai haƙoran mutumin. Auta ba ya son kallon wannan kusurwa. Duk da haka, in ya je ɗauko jak ko zubar da ruwan wanke hannu, sai idonsa ya kai can.

Su biyu ne a garejin, shi da yayansa Babba. Sun gaji sana'ar a wurin mahaifinsu, amma ba su gaji filin ba. Filin na Kawu ne, ƙanin mahaifiyarsu, wanda ya daɗe yana shugabancin jam'iyyar shuɗi a mazaɓarsu har sunansa ya ɓace, kowa sai Ciyaman. Bas ɗin ma nasa ne.

Abin da ya faru kowa a unguwar ya sani, ko kuma yana ganin ya sani. Ana gobe zaɓe Kawu ya kawo bas a canza masa mai, domin shi zai yi jigilar mutanen ƙauyukan bayan kogi zuwa rumfunan zaɓe, mutanen nan kuwa kusan dukansu 'yan shuɗi ne. Auta ya kwance noti ya tsiyaye baƙin mai, ya cire tsohuwar filta, sai aka tarar sabuwar da aka sayo ba ta shiga ba. Mai kayan gyara ya riga ya rufe shago, ya ce su biyo ta gidansa da safe. Babba ya kira Kawu don ya gaya masa, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ana can ana taron jam'iyya. Suka bar motar haka, injin a bushe.

Da safe suka iso da filta da galan ɗin mai, suka tarar ƙofa a buɗe, babu bas. Kawu yana da nasa makulli. Labari ya iske shi cewa motocin 'yan jam'iyyar ja sun fara kwasar mutane, bai iya jira ba, ya taso direbansa Sai-Gobe ya ce ya ja. Fitilar da ke nuna babu mai ta mutu a motar tun shekarun baya. Ba su kai gada ba injin ya buga. Mutanen bayan kogi suka yini a bakin hanya, waɗanda suka tako da ƙafa suka tarar an rufe layi. Ɗan takarar ja ya ci kujerar da 'yar tazara kaɗan. Yankin sanata guda ne ya yi zaɓe, kuma duk mai hankali ya san bas ɗaya ba ya kayar da sanata, amma a unguwar nan ba a taɓa yarda da haka ba.

Akwai abin da masu zaman hira ba su sa a lissafi ba. A garejin nan, tun zamanin mahaifinsu, duk motar da aka bari babu mai a injinta ko babu birki, ana ɗaura mata jan tsumma a sitiyari, wato kada a tayar. Direbobin da ke kawo aiki sun san wannan. Auta ya ɗaura tsumman a wannan yamma, yana iya ganinsa har yanzu: guntun tsohuwar rigar ƙwallo ce, ya yi masa ƙulli biyu ya ja da ƙarfi. Ya tafi gida ya bar Babba yana haɗa kayan aiki, Babba ne ya rufe ƙofa. Sai-Gobe kuma ya rantse musu cewa da ya hau motar babu komai a sitiyari.

Ranar da aka janyo bas ɗin Babba ya ja Auta gefe ya ce, "Maganar tsumma, ka bar ta a cikinka. Kada in ji ta a bakin kowa."

"Yaya, ai na ɗaura."

"Na ce ka bar ta."

Tun daga ranar Auta ya fara tattara abubuwa a ransa, ba don yana so ba. Matar Babba 'yar gidan 'yan ja ce. Bayan zaɓe motocin mutanen sabon sanata suka fara zuwa gyara. Bayan wata biyu ko uku Babba ya canza rufin ɗakinsa. Kowane ɗaya yana da bayani: mace ba ta zaɓen gidan da aka haife ta, mai mota yana zuwa inda ake gyara da kyau, rufin kuma ya daɗe yana yoyo. Amma in Auta ya jera su wuri ɗaya sai su tsaya kamar shaidu. Abin da ya fi damunsa shi ne Babba bai taɓa kare kansa ba. Unguwa ta yanke cewa shi ne ya sayar da Ciyaman, ta laƙaba masa suna baturen zaɓe, wai shi ya yanke sakamakon da sifana. Babba yana ji ya sunkuyar da kai cikin bonet.

Suna aiki a rumfa ɗaya, suna miƙa wa juna kayan aiki, suna cin abincin rana a kwano ɗaya. Sai dai Auta ya lura ya fara zuwa da wuri yana duba motocin da Babba ya kwana da su. Ya kuma lura Babba yana bin bayansa yana sake ɗaure notin da ya riga ya ɗaure. 

Wata safiya Sai-Gobe ya shigo da tasin da yake ja yanzu, salansa na jan ƙasa.

"Salamu alaikum, hukumar zaɓe. Ana karɓar ƙorafi?"

"Ana karɓa in mai ƙorafin ya wanke motarsa," in ji Babba daga ƙarƙashin wata a-kori-kura. "Wannan tasi ce ko kejin kaji?"

"Ka bar ta haka, fasinja sun saba. To ranka ya daɗe, zaɓe ya sake ƙaratowa, wa za ka ba mu bana? Ka faɗa min tun da wuri in san inda zan liƙa fostata."

"Ka liƙa a salansa, ko ta riƙe shi."

Sai-Gobe ya yi dariya har da tari. Ya juya wurin Auta ya rage murya, amma ba sosai ba. "Ciyaman na nemanka a sito. Kai kaɗai, ya ce."

Ƙarar sifana ta tsaya a ƙarƙashin motar, sannan ta ci gaba.

Sito ɗin Kawu yana bayan kasuwa, dogon ɗaki ne cike da buhunan siminti, a can ƙurya akwai tebur da kujeru biyu da fanka mai karyayyen wuya da aka ɗaure da waya. Kawu ya rame tun bayan rasuwar yayarsa Inna, mahaifiyar su Auta, a daminar bara. A kan tebur akwai kwalin maganin hawan jini da kofin ruwa da aka rufe da faranti.

"Zauna, Auta. Ya iyali?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Yayanka ya san ka zo?"

"Yana wurin aka faɗa."

"Madalla. Gara ya sani." Kawu ya gyara zama. "Uwarku ta roƙe ni in yi shiru, na yi mata. Yanzu ta koma ga Mahaliccinta, ni kuma zaɓe na tafe, mutanena suna kallona suna cewa ina kiwon maciji a filina. Ƙarshen makon nan zan tara dangi. Ko ya kwashe kayansa ya bar min wurin, ko ku kwashe ku duka. Kai kana wurin a ranar. Ka tashi a gaban dangi ka faɗi abin da ka sani, gareji ya zama naka."

Auta ya kalli buhunan siminti. Abin da ya ba shi tsoro shi ne bai ji maganar ta yi masa nauyi yadda ya kamata ba. Wani sashe na zuciyarsa ya daɗe yana jiran wani ya faɗe ta da baki.

"Ban ga komai da idona ba, Kawu."

"Amma kana zargi."

Auta ya kawar da kai.

"Na san kana zargi, tun kana yaro fuskarka ba ta iya ɓoye abu. To kai ba ka gani ba, ni na gani." Kawu ya sunkuya ya jawo durowar ƙasa, ya fito da wani gwangwanin madara mai murfi. "Ban taɓa nuna wa kowa ba, ko Sai-Gobe, don kada gari ya yi da ni a ce ɗan yayata ya yi min wannan. Ranar nan ni na riga direba shiga gareji. Na hau motar in ajiye tutocinmu. Ka ga abin da na tarar."

Ya buɗe murfin ya zazzage a kan tebur.

Tsumman ya yi duhu, amma ja ne. A gefensa akwai ragowar farar lamba irin ta bayan rigar ƙwallo. An yanke shi da wuƙa ta gefe ɗaya, ƙullin yana nan yadda yake, biyu, ɗaya a kan ɗaya.

"Launinsu," in ji Kawu. "A kan sitiyarin motata, ranar zaɓe. Bai ishe shi ya kashe min injin ba, sai da ya kafa min tutarsu don in san wa ya yi. Ya ɗaure shi tamau har sai da na sa wuƙa. Na sa a aljihu kafin direba ya iso, na ce ba zan bari wannan ƙazanta ta bi mu hanya ba."

Auta ya sa yatsa ya taɓa ƙullin. Fanka tana ta kaɗa iska mai zafi. Ya tuna duk safiyar da ya zo da wuri yana leƙen aikin yayansa, ya tuna rufin ɗaki. Sannan ya dubi kwalin maganin da ke kusa da hannun Kawu. Wannan dattijo ya yi shekaru yana kwana yana tashi da cewa an ci amanarsa, wannan ne ya riƙe shi a tsaye a gaban mutanensa. In aka ƙwace masa, me zai rage? In kuma Auta ya yi shiru, ba ƙarya zai yi ba. Zai iya tashi a gaban dangi ya ce bai ga komai ba, Kawu ya fito da tsumma, dangi su yi sauran aikin.

Amma Babba zai ga tsumman. Zai gane ƙullin.

Auta bai san ko wannan ne ya buɗe masa baki ko wani abu da ya fi shi kyau ba.

"Kawu, ni na ɗaura."

Kawu ya kalle shi. "Kai?"

"Ni. Rigata ce ta ƙwallo."

"Ashe kai ne. Ina can ina kallon babban, ƙaramin yana nan yana ce min ina kwana."

"Ba tuta ba ce. Alama ce. In mota ba mai ko ba birki, muna ɗaura jan tsumma don kada kowa ya tayar. Baba ne ya fara, tun kafin a yi jam'iyyar ja."

"Duk tsummokaran duniya, sai ja?"

"Shi ake gani daga nesa."

"Ubanku bai taɓa gaya min ba."

"Ba ka tuƙi, Kawu. Direbobi ake gaya wa."

"To me ya sa ba ku faɗa ba tun a lokacin?"

"Sai-Gobe ya ce bai ga komai ba. Yaya ya ce a bar maganar."

"Kun haɗa baki," in ji Kawu. "Ya san zan kira ka, ya shirya maka abin faɗa."

"Ya san da gwangwanin nan?"

Kawu ya kalli gwangwanin. Ya jawo wayarsa ya matsar da ita nesa da idonsa yana neman lamba. "Kada ka ce uffan," ya ce wa Auta, ya sa ta a lasifika.

"Ranka ya daɗe," in ji muryar Sai-Gobe, ana jin bugun guduma a bayansa.

"Kana ina?"

"Ina gareji, ana yi wa salansana tiyata."

"Matsa inda ba kowa. Ka matsa? To, tambaya zan yi maka. Wani ne ya ba ni labari. In ka hau mota a wurin yaran nan ka tarar da jan tsumma a sitiyari, me za ka yi?"

"In sauko mana, Ciyaman. Wa zai tayar da gawa? Ai da na ga shi ranar nan da yanzu muna da sanata, ni kuma ina jan mota mai sanyi. Lafiya dai?"

Kawu ya kashe wayar. Ya ajiye ta a hankali kusa da kofin. Ya buɗe farantin, ya kalli ruwan, ya mayar bai sha ba.

"Shi ma ana iya sayensa," ya ce, amma muryar ba ta da ƙarfi.

Wani lebura ya leƙo yana tambayar inda za a sauke kaya, Kawu ya kore shi da hannu.

"Tashi ka tafi."

"Taron dangin fa, Kawu?"

"Wane taro?" Ya tura tsumman da bayan hannu har ya kai bakin tebur. "Ɗauki tsiyarka. Ku zauna a filin, ban ce kowa ya tashi ba. Amma ka ji ni da kyau. Ranar da na ji wannan magana a bakin wani, a shagon aski ko a gidan suna, ranar za ku kwashe har ƙusa. Ina da zaɓe a gabana."

"Sunan Yaya fa? Har yanzu ana ce masa..."

"Ya ɗauka shekarun nan bai mutu ba."

Da Auta ya dawo, Sai-Gobe ya tafi. Babba yana zaune a kan tsohuwar taya yana wanke kabireta a cikin kwanon fetur. Bai ɗago ba.

"Yaushe zan kwashe?"

Auta ya fito da tsumman ya ajiye a kan gwiwar yayansa.

Babba ya tsame hannunsa ya goge a wando. Ya ɗaga tsumman, ya juya shi, ya duba yankan wuƙar, ya duba ƙullin. Auta ya gaya masa yadda aka yi, har da sharaɗin Kawu. Babba ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Tuta. Allah sarki Kawu." Ya girgiza kai. "A bar shi da sirrinsa, dattijo ne. Na saba da sunan, har in ba a kira ni da shi ba sai in ji kamar ba a gaishe ni ba."

"Ba daidai ba ne, Yaya."

"Ban ce daidai ba ne." Ya sake jan ƙullin da yatsu biyu, bai motsa ba. "Ashe ka ɗaura."

"Na gaya maka na ɗaura."

"Ka gaya min. Na ɗauka mantawa ka yi. Lokacin matarka na kan gwiwa, hankalinka na gida, ni kuma ban leƙa cikin motar ba kafin in rufe. Na ce yaron nan ya manta, kunya ta sa yana cewa ya ɗaura, har ya yarda da kansa. Na ce in aka ji, babu direban da zai sake ba ka mota. Gara ni a ce min maci amana, maci amana ana kawo masa gyara. Mai mantuwa ba a kawo masa." Ya ɗago ya dubi ƙaninsa. "Ka yafe min wannan."

"Babu komai, Yaya."

"To kai fa? Ka san ka ɗaura. Direba ya ce babu. Ni na rufe ƙofa." Babba ya yi maganar a hankali, kamar yanzu yake haɗa ta. "Duk shekarun nan me ka ɗauka ya faru da shi?"

A titi wata mota mai lasifika ta wuce tana waƙar sabon ɗan takara. Auta ya jira ta yi nisa. Ya kalli kwanon fetur.

"To," in ji Babba. Ya gane cewa shi ƙaninsa ya zarga.

Ya sunkuya ya ci gaba da wanke kabireta. Ya wanke ta fiye da yadda take buƙata. Auta yana tsaye, yana jiran a zage shi ko a ce ya ba da wuri, Babba bai yi ko ɗaya ba.

Can Babba ya miƙe ya nufi a-kori-kurar da yake aiki a kanta da safe, wadda ya cire wa birkin baya. Ya ciro wani jan tsumma daga ƙusar da suke ratayewa, ya ɗaura a sitiyari, ya ja ƙullin.

"Auta, zo."

Auta ya je.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Daga yau in na ɗaura zan kira ka ka gani. In ka ɗaura ka kira ni."

"Ba sai an yi haka ba, Yaya."

"Sai an yi." Babba ya rufe ƙofar motar. Ya duba can ƙarshen gareji inda bas yake. "Ɗauko jak. Mu ga ko akwai abin da zai moru a injin nan, ya daɗe yana cin mana wuri."

Auta ya tafi ɗauko jak.